Abin da Na Gani a Filin Safana

Shekara shida na yi ina cin abinci da ƙwallo, kuma a uku na ƙarshe ni ne kyaftin. Ɗan baya ne ni, lamba biyar. Ban taɓa zama gwani ba, amma ba na fashin atisaye, kuma idan na yi magana ana saurare. Abin da ya sa aka ɗaura mini ƙyallen a hannu ke nan.

Wani Alhaji mai cinikin hatsi a Batsari ne ya kafa ƙungiyar. Ya kama mana gida a bayan tasha, ɗaki huɗu da rijiya, ya ɗauko koci daga Katsina, ya yi mana rajista a ƙaramin rukuni na gasar ƙasa. Kowannenmu ya sa hannu a takarda, kuma duk ƙarshen wata muna ɗaukar albashi. Ba wani abin kirki ba ne, amma a garinmu ba a taɓa ganin wanda ƙwallo kaɗai ke riƙe da shi ba sai mu. Mahaifiyata ta daɗe ba ta yarda aiki ne ba. Sai da na kai mata atamfa a wata sallah, sannan ta daina cewa ina zuwa wasa, ta koma cewa ina zuwa wurin aiki.

A cikin takardar akwai sharaɗi guda da Koci ya karanta mana sau biyu, ya kuma fassara da Hausa don waɗanda ba su yi boko ba: babu wanda zai buga wa wata ƙungiya, ko ta unguwa ce, ko ta ƙauyensu, muddin ana cikin kakar wasa. Ya ce ƙafar kowannenmu ba tasa ba ce shi kaɗai, ta mutum ashirin da biyu ce.

Mutum biyu zan ambata a cikinmu, don su labarin ya shafa. Na farko golanmu, mutumin Yasore, wanda ya girme mu duka. Yana da mata da 'ya'ya uku, don haka bai zauna a gidan 'yan wasa ba. Kullum da sassafe yake tahowa a kan wani tsohon babur, ko a lokutan da hanya ba ta da daɗi, mutane na jira sai sun taru kafin su biyo ta. Sau ɗaya na san ya makara, kuma ranar ma ƙafa ya tako bayan babur ya mace masa. Ba shi da surutu. Idan aka ci shi, ba ya duban kowa, sai ya ɗauko ƙwallon daga raga ya jefa tsakiya.

Na biyu shi ne lamba tara, mutumin Tsaskiya ta ƙasar Safana. Siriri ne, dogo, mai yawan dariya. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa sauranmu ba. Rabin ƙwallayen da muka ci a shekararmu ta ƙarshe daga ƙafarsa suka fito. Mutane kan rufe shago su zo fili don shi. Ɗakinmu ɗaya da shi, kuma yana ce mini Yaya, don na ba shi shekara biyar.

Shekarar da nake magana a kanta ita ce mafi kyau da muka taɓa yi, ita ce kuma wadda cinikin Alhaji ya fara karyewa. Gonakin da ke nesa da gari an daina noma su saboda 'yan bindiga, hatsin da yake tarawa ya ragu, motocinsa biyu suka koma ɗaya. Saura wasa uku a gama ya tara mu a ƙofar gidansa bayan la'asar. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shi dai ƙarfinsa ya ƙare. Amma akwai wasu masu kamfani a Katsina da suka yi masa alkawari, idan muka haura rukuni na gaba za su karɓi ƙungiyar da duk 'yan wasanta. Idan ba mu haura ba, kowa ya nemi abin yi.

Muka ci wasa biyu. Ya rage na ƙarshe, a gida, ranar Lahadi. Nasara kaɗai za ta fisshe mu, kunnen doki ba zai yi ba.

Ranar Laraba lamba tara ya sami Koci ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya, yana so ya je ya duba ta. A lokacin danginsa sun baro ƙauye sun dawo cikin garin Safana, suna raɓe a gidan wani kawunsu. Koci ya ba shi kwana ɗaya, har ya ce a gaishe ta.

Washegari ni ma Safana ta kama ni. Surukin yayata ne ya rasu, na nemi izini bayan atisayen safe na tafi ta'aziyya. Da na fito daga gidan rasuwar wajen ƙarfe huɗu da rabi, sai na ji ihu daga filin wata firamare. Wanda ya saba da fili ba ya iya wuce irin wannan ihu. Na tambayi wani mai rake, ya ce wasan ƙarshe ne na kofin da wani ɗan takara ya sa wa matasa, kuma an ce wanda ya fi kowa za a ba shi sabon babur. Na ce bari in leƙa kafin in sami mota.

Tun daga nesa na gane gudunsa, lamba taranmu ne. Yana cikin wata riga mai ruwan ɗorawa da ta yi masa yawa, lamba goma sha huɗu, ya ɗaure kansa da ƙyalle kamar hakan zai ɓoye shi. Filin duk tsakuwa ne da ramuka, akwai ma turken dabba a gefe ɗaya. Na tsaya a bayan mutane. Na ce a raina idan aka tafi hutu zan je in jawo shi. Ba a kai hutun ba. Ya yanke mutum biyu, na uku ya zo ta baya ya share shi da ƙafa biyu. Na ga yadda gwiwarsa ta dama ta juya. Wanda ya daɗe a ƙwallo ya san faɗuwar da ake tashi a kakkaɓe jiki, ya kuma san wadda ba haka ba.

Suka ɗauke shi zuwa inuwar wani aji. Da na tsaya a kansa ya ɗago ya gan ni, sai ya rufe fuska da rigar.

Na ce, "Wannan ce jinyar Inna?"

Ya ce, "Yaya, don Allah."

"Ka san ranar Lahadi?"

"Na sani. Targaɗe ne, wallahi zuwa jibi ya sauka." Sannan ya ce, "Mi kake so in yi? Mu goma sha ɗaya a ɗaki biyu. Yayana shekara guda ke nan bai je gona ba, zaune yake. In an samu babur ɗin nan ya yi acaɓa. Wasa ɗaya ne suka ce."

Na ce masa dole Koci ya sani. Ya kama wandona. Ya ce idan Koci ya sani zai yaga takardarsa a gaban kowa, kuma masu kamfanin ba za su ɗauki wanda aka kora ba. Ya ce in ba shi zuwa Lahadi kawai, shi zai ci mana wasan ko da ƙafa ɗaya ne, bayan nan da bakinsa zai faɗa.

Na sha tambayar kaina me ya sa na yarda. Da farko nakan ce tausayi ne. Akwai tausayin, amma ba shi kaɗai ba ne. Gaskiyar ita ce ni ma na yi imani cewa shi da rauni ya fi wanda ke benci da lafiya. Muna da wani ɗan gaba, mutumin nan cikin Batsari, wanda bai taɓa fashi ba tun farkon kaka, yana jiran ranarsa. Ni kaɗai na yanke wa wannan mutum hukunci, na yanke wa Koci, na yanke wa sauran, a tsaye a bakin wani aji a Safana, ba tare da na tambayi kowa ba.

Na kai shi wani kemis, aka ɗaure gwiwar aka yi masa allura. Muka shiga mota ɗaya, amma kafin tasha ya sauka don kada a gan mu tare.

Ranar Juma'a ba ma atisaye. Ranar Asabar kuma mai sauƙi ne, miƙe jiki da 'yan taɓe-taɓe. Lamba tara ya sa dogon wando, ya kuma sha magani tun da safe. Ya ƙi buga ƙwallo da ƙarfi, ya ce yana adana ƙafa ne don gobe, aka yi dariya. Da aka tashi Koci ya kira ni gefe, kamar yadda yake yi kafin kowane wasa.

Ya ce, "Kyaftin, akwai abin da ya kamata in sani?"

Na ce, "Babu, Koci. Kowa lafiya."

Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Ranar Lahadi ban taɓa ganin filinmu ya cika haka ba. Mutane sun zo daga ƙauyuka duk da halin da ake ciki, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. Alhaji ya zo da baƙinsa biyu daga Katsina, aka sa musu kujeru a ƙarƙashin rumfa. Kafin mu fita na ga lamba tara ya shiga bayan ɗakin canja kaya, na san allura ta biyu ce.

Abokan karawarmu ba su da abin da suke nema a wasan, amma ba su zo wasa ba. Tun farko suka danne mu. Golanmu ya kaɗe ƙwallo uku da kowa ya riga ya ɗauka sun shiga. A ta ukun ya yi karo da ƙarfen raga, ɗan yatsansa na hagu ya goce. Ya zo wurina ya miƙo hannun ya ce, "Ja." Na ja, ya ciji leɓe, ya mayar da safar hannunsa ya koma raga. Bai bari ko mai ba da magani ya shigo ba, don kada a ce a fitar da shi.

Shi kuwa lamba tara yana gaba kamar baƙo. Ƙwallon da da zai bi ya kama, sai ya tsaya yana ɗaga hannu. Sau ɗaya aka zura masa ita daga shi sai golansu, maimakon ya buga da dama sai ya juya ta zuwa hagu, kafin nan an rufe shi. 'Yan kallo suka ɗauka yanga ce.

Da aka je hutu Koci ya tsaya a gabansa ya ce, "Me ke damunka?"

Ya ce, "Ba komai, Koci. Sun sa mini mutum biyu ne."

Koci ya juyo ya dube ni. Ina da ruwa a baki, na haɗiye. Ɗan gaban nan na benci yana tsaye a bayansa, ya riga ya ɗaure takalmi.

Na ce, "A bar shi, Koci. Ƙwallo ɗaya yake nema."

Saboda maganata ya bar shi. Canjin da ya rage mana ya kashe shi a tsakiya da gefe, inda muke shan wuya. Minti kaɗan bayan canji na ƙarshe aka ɗaga wa lamba tara ƙwallo, ya yi tsalle, ya sauka a kan ƙafar dama. Babu wanda ya taɓa shi. Ya kwanta yana dukan ƙasa da hannu. Da mai ba da magani ya naɗe dogon wandon da ya sa a ƙarƙashin gajeren wandonsa, ya ga ɗaurin da kumburin, sai ya ɗaga kai ya dubi Koci. Aka fitar da shi, muka ƙarasa mu goma.

Mun yi abin da za mu iya. Ni kaina na bar baya na tafi gaba a ƙarshe, na sa wa wani bugun kusurwa kai, ƙwallon ta wuce sama. Gola ya ƙara kaɗe biyu da hannun nan. Alƙali ya busa, babu ci ko ɗaya. Ba a yi jifa ba, ba a zagi kowa ba. Mutane suka juya suka fita a hankali, kamar an taso daga maƙabarta. Baƙin Alhaji suka gaisa da shi suka shiga mota.

Kafin gari ya waye labarin wasan Safana ya iso Batsari, don ba abin da zai ɓoyu ba ne, garuruwan kusa suke. Da hantsi Koci ya tara mu a ƙarƙashin bedin gidan 'yan wasa, wato bishiyar darbejiya. Aka fito da lamba tara a kan kujera, ƙafarsa a miƙe. Koci bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya ba da izinin tafiyar, don haka shi ma yana da nasa laifin. Ya tambayi lamba tara ko gaskiya ne, ya ce gaskiya ne. Sannan ya ce, "Wa ya sani a cikinku?"

Lamba tara bai dube ni ba. Ya ce, "Ba wanda ya sani, Koci. Ni kaɗai ne."

Ina zaune a kan bokiti, tsakanina da Koci bai fi taku uku ba. Na buɗe baki zan ce na sani. Na duba fuskokinsu, na ga yadda suke kallon mutumin da ke kan kujera, na ji ba zan iya ɗaukar wannan kallo ba. Na sunkuyar da kai.

Gola ne kaɗai ya yi magana. Hannunsa na ɗaure da tsumma. Ya ce, "Da ka faɗa, da mun rufa maka asiri mun sa wani. Ba babur ɗin ne ya dame ni ba, kowa na da gida. Amma ka bar mu muna ba ka ƙwallo." Daga nan ya juyo gare ni ya ce, "Kyaftin, ka yi haƙuri, kai ka fi kowa wahala a kan ƙungiyar nan." Na ce masa ba komai.

Bayan sati biyu Alhaji ya sallame mu da addu'a, aka mayar wa mai gida makullinsa. Koci ya koma Katsina, kuma ban sake ganinsa ba sai labarin rasuwarsa da na ji bayan wasu shekaru. Ɗan gaban benci ya tafi Legas gadi. Wasu biyu suka bi masu haƙar zinari, ɗaya ya dawo, ɗaya har yau ba a san inda yake ba. Ni wani ɗan'uwa ya samar mini aikin masinja a sakatariya, kuma a nan nake har yanzu.

Sau ɗaya na je duba lamba tara a Safana. Gwiwar ba ta koma daidai ba, an ce jijiyar ta tsinke, kuma buga wasan Lahadi da allura ya ƙarasa ta. Babur ɗin ma ba a ba kowa ba, an ce sai bayan zaɓe, bayan zaɓe kuma ɗan takarar ya faɗi. Na same shi yana tsaron teburin cajin waya na wani. Ya yi ƙiba, dariyar ta tafi. Na ce masa na gode da bai ambace ni ba. Ya ce, "Mi zai ƙara in na ambace ka? Ni na riga na ƙone." Na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce yana nadamar ƙafarsa. Game da ƙungiya kuwa, ya ce ko da mun haura, wa ya san ko mutanen nan za su cika alkawari. Na ga ya sami abin da yake faɗa wa kansa, ban ja da shi ba.

Gola ya koma Yasore ya yi noma damina biyu. Da 'yan bindiga suka matsa, ya kwaso iyalinsa ya dawo Batsari, ya shiga dako a kasuwar hatsi. Nakan gan shi ranar kasuwa, buhu a kai, mu gaisa. Duk inda ya gan ni Kyaftin yake ce mini, kuma idan akwai mutane sai ya nuna ni ya ce wannan ne mutumin da bai taɓa cin amanar rigar ƙungiya ba. Na daɗe ina jin wannan magana ina murmushi.

Bara, bayan na ji rasuwar Koci, na kasa ci gaba da haka. Wata ranar kasuwa na same shi yana hutawa a bayan wata mota, yana shan fura. Muka gaisa, na tambayi iyali, na zauna a kan buhu kusa da shi. Na faɗa masa komai, tun daga mai rake har zuwa hutun rabin lokaci. Ban ƙawata ba, ban kuma kawo uzuri ba.

Ya ajiye kwanon.

Ya ce, "Kai ne ka ce a bar shi."

Na ce, "Ni ne."

"Kana sane."

"Ina sane."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Duk shekarun nan, in na tuna, sai in ce mutum ɗaya ne ya yi mana haka, kuma talauci ne ya sa shi. Sauran mun tsaya. Da wannan nake samun sauƙi." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Da ka bar ni da wannan sauƙin."

Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ba da muryar da nake so in ji ba. Wani direba ya ƙwala masa kira, ya miƙe, aka ɗora masa buhu ya tafi.

Har yanzu muna haɗuwa, gari ɗaya muke. Idan na gaishe shi yana amsawa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki. Malam yake ce mini yanzu.